AN YI WASAN DA DARE, AN ƊAUKI HOTON DA RANA: TARIHIN HOTUNAN DIRAMAR ƊALIBAI A POTISKUM



Duk wanda ya yi makarantar kwana a garin nan, ko ya taɓa buɗe albam ɗin yayansa ko na mahaifiyarsa, zai lura da wani abu game da hotunan 'yan ƙungiyar dirama. Kusan duk kamarsu ɗaya. Yara ne a jere, na baya a tsaye, na gaba a tsugune, kowa da kayan wasansa, malamin ƙungiya a tsakiya, a gindin maina ko a jikin bangon aji, rana tana haska fuskokinsu tarwai. Alhali dukkanmu mun san ba da rana aka yi wasan ba. Da dare aka yi shi, galibi daren Asabar bayan isha'i, a ɗakin cin abinci ko ɗakin taro. Hoton wasan kansa, wato daidai lokacin da alƙali yake zare ido ko boka yake surkullensa, da wuya ka same shi. In ka yi sa'a ka samu, ko dai baƙi ne ƙirin ba ka gane kowa, ko kuma wasu fararen inuwoyi ne a miƙe kamar hayaƙi. Wannan ba sakacin masu hotonmu ba ne. Yana da dalilai, kuma dalilan tarihi ne a karan kansu.

Wasan kwaikwayo irin na dandamali a makaranta aka haife shi a Arewa. Kafin zuwansa muna da namu na gargajiya, kamar tashen da yara suke yi cikin azumi, wanda shi ma wasan dare ne. Amma rubutaccen wasa mai labule da fitowa ta ɗaya da ta biyu, tare da boko ya zo. A shekarun 1930 Rupert East, Baturen da ya jagoranci Hukumar Talifi a Zariya, ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 zuwa 1942, ya kuma ci gaba da amfani da wasa wajen zolayar masu iko lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi. Daga baya aka samu littattafan da da yawa daga cikinmu muka karanta a aji: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a 1960, Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, Kulɓa Na Ɓarna na Umar Ɗanjuma Katsina a 1979.

A zamanin farko yaron Potiskum sai ya bar gida kafin ya ga irin wannan wasa. Marigayi Malam Adamu Ciroma, wanda aka haifa a garin nan a 1934, Midil ta Barno ya tafi, daga nan ya wuce Barewa a Zariya. Sannu a hankali makarantun suka zo mana har gida, ta kai Potiskum ta zama garin makarantu: ga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ga sakandaren Fika, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Yaran Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa, har da waɗanda suka zo daga Kudu, suka haɗu a ɗaki ɗaya suna dariya a kan abu ɗaya. Wasa da Turanci don malamai da baƙi, wasa da Hausa don a ƙyaƙyata. Da talabijin ya kawo Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero kuwa, kowace ƙungiya sai da ta samu nata Samanjan.

To, yanzu mu shiga ɗakin da ake wasan mu ga abin da mai hoto yake fuskanta. Dandamali teburan cin abinci ne aka harhaɗa. Labule zannuwan gado ne ko barguna aka rataya a igiya. Haske kuwa ƙwan lantarki biyu ne ko uku, masu wat 60 ko 100, a can sama kusa da rufi, in NEPA ta kawo wuta ke nan ko janaretan makaranta yana da mai. In babu, sai fitilar gas mai famfo, a ɗora ta a kan kujera a gefe. Idon mutum yana sabawa da wannan cikin 'yan mintoci, shi ya sa a tunaninmu ɗakin ba shi da wani duhu. Fim ba ya sabawa. Hasken irin wannan ɗaki bai fi kashi 1 cikin 1,000 na hasken ranar da ke waje da azahar ba.

Ga yadda lissafin yake. Kyamara tana da ido, tana kuma ƙifta shi. Gwargwadon daɗewar idon a buɗe, gwargwadon hasken da ke kaiwa ga fim. Fim ɗin da ya fi yawa a shagunanmu, na Kodak ko Fuji ko Agfa ko Konica, mai lamba 100 ne ko 200, wanda aka yi domin rana. Da mai lamba 100 a tsakar rana, ƙiftawar kashi 1 cikin 125 na sakan ta wadatar, ido ma a tsuke. A ɗakin dirama kuwa, ko an buɗe idon kyamara sosai, sai ya zauna a buɗe kusan kwatan sakan. Kwatan sakan kamar ba komai ba ne, amma a cikinsa ɗan wasa ya ɗaga hannu ya sauke, ya juya kai, shi kansa mai hoton hannunsa ya motsa da numfashi. Hannun mutum ba ya iya riƙe kyamara cak in ƙiftawar ta fi kashi 1 cikin 30 ko 60 na sakan daɗewa. Abin da ke haifar da hotunan nan masu kama da hayaƙi ke nan.

Maganin yana nan a duniya tun da daɗewa. Fim ɗin Tri-X na Kodak, baƙi da fari, ya fito a 1954, kuma daga 1960 lambarsa 400 ce. Masu ɗaukar hoton wasanni a Turai da Amurka sukan ɗauke shi kamar mai lamba 1,600, sannan su ƙara masa lokaci a ruwan wanki, hoton ya fito da ɗan tsakuwa-tsakuwa amma a tsaye. Sai dai wannan yana buƙatar mai hoto ya wanke da kansa, ya kuma sadaukar da fim guda cur ga dare ɗaya. Namu mai hoton fim ɗaya yake sakawa, mai ɗauka 24 ko 36, ya ɗauki suna da safe, ya ɗauki fasfo da rana, ya zo da ragowar makaranta da dare. Ba zai wanke rabin fim daban da ɗaya rabin ba.

Saura filashi, kuma a nan ne aka fi yin asarar fim. Hasken filashi yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa kashi 1 cikin 4 ne kawai, in ya ninka uku, kashi 1 cikin 9. Ƙaramin filashi na jikin kyamara bai wuce mita 3 zuwa 4 ba. Mai hoto yana tsaye a bayan layin malamai da manyan baƙi, don ba zai shiga gaban shugaban makaranta ba, sai ya danna. Abin da zai fito shi ne ƙeyar malamai da hulunansu fes, dandamali kuma can cikin duhu. In ya matsa kusa, filashi ya wanke fuskar ɗan wasa, ya jefa ƙatuwar inuwarsa a jikin labule, ya kashe yanayin da fitila ta bayar, ya kuma ruɗa yaron da ke ƙoƙarin tuna maganarsa. Da hunturu akwai ƙarin matsala: ƙurar da ke yawo a ɗakin tana kama hasken ta fito a hoto kamar fararen ƙwallaye. Ga kuma jiran filashi ya sake cika, musamman in batirin Tiger ɗin ya fara sanyi. Kafin ƙaramar fitilar ta kawo, an mari wanda za a mara, an gama dariya, an ja labule.

Akwai wani dalili da ba mu cika sani ba, wanda ya shafi launin fatarmu. Fim mai kala ba da mu aka auna shi ba. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita injin. Wata mai bincike 'yar Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke nuna launin ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. To ka haɗa wannan da ɗan wasa baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani a ƙarƙashin ƙwai ɗaya. In riga ta fito, fuska ta ɓace. In fuska ta fito, riga ta ƙone. Sannan shi fim ɗin rana, in ya haɗu da hasken ƙwan lantarki, komai sai ya koma ruwan lemo. In dogon ƙwai ne, ya koma kore-kore.

Amma a ganinmu babban dalilin ba na na'ura ba ne, na kuɗi ne. Mai hoto ba makaranta ce take biyansa don ya adana tarihi ba. Ɗalibi ne yake biya, hoto ɗaya kuɗi ɗaya, kuma ba wanda zai cire kuɗin kashewarsa ya sayi hoton da ba a gane fuskarsa. Hoton jere da rana kuwa, in mutum 15 ne a ciki, kwafi 15 ke nan daga ɗauka ɗaya. A farkon zuwan hoto mai kala, fim ɗin ma sai an ba direba ya kai manyan garuruwa irin su Kano ko Jos ko Maiduguri, a jira kwanaki kafin a san abin da ya fito. Bayan 1986, da tsarin SAP ya karya darajar Naira, fim da takarda da ruwan wanki, duk na waje ne, suka yi tsada. Wa zai yi caca da su a cikin duhu? Don haka sai a ce wa yara kada kowa ya mayar da kayan aro, gobe da hantsi a hallara a gindin bishiya.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka yi haka. Ko a manyan gidajen wasa na Landan, shekaru da dama hotunan da ake bugawa shirya su ake yi: a tsayar da 'yan wasa, a kunna fitilu na musamman, kowa ya daskare a inda aka ajiye shi. Kuma a Afirka ta Yamma an yi masu hoton dare na gaske. Malick Sidibé na Bamako ya bi matasan birnin wuraren rawa a shekarun 1960 da 1970 da filashinsa, ya wanke cikin dare, ya baje samfur a shagonsa kowa ya zo ya zaɓa. Aikin nan ne ya kai shi ga babbar lambar yabo a Venice ta Italiya a 2007. Philippe Koudjina ya yi irin haka a Yamai. Bambancin shi ne su suna tsakiyar fili, taku biyu ko uku daga wanda suke ɗauka, kuma mai rawa so yake a haska shi. Mai hoton dirama ba shi da damar hawa dandamali.

Duk da haka akan samu gwani. Shi ne wanda yake zuwa ranar gwaji ya kalli wasan tukuna, ya san inda ɗan wasa zai tsaya cak: lokacin da mai laifi ya durƙusa gaban sarki, ko uwar miji ta riƙe ƙugu tana harara. Ya jingina da taga ko ya ɗora kyamara a kan tebur, ya riƙe numfashi, ya danna sau ɗaya. Irin waɗannan hotuna kaɗan ne, kuma sau da yawa ba na masu sana'ar ba ne, na malamai ne masu kyamarar kansu, Yashica ko Pentax ko Zenit. A shekarun 1970 da 1980 makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Ghana, ga kuma 'yan bautar ƙasa tun daga 1973, waɗanda sau da yawa su ake damƙa wa ƙungiyar dirama. Da wa'adinsu ya cika suka tafi da akwatunansu. Ba abin mamaki ba ne a ce mafi kyawun hoton wasan da aka taɓa yi a ɗakin cin abincin wata makarantarmu yana cikin wata durowa a Enugu ko Kumasi.

Su kuma hotunan ranan, kada mu raina su. In ka zuba musu ido suna magana. A makarantar maza za ka ga ƙato da zane da ɗankwali, ya cusa tsumma a ƙirji, yana ƙoƙarin danne dariya. A ta mata za ka ga yarinya da gemun auduga da rawanin zanen gado, an shafa mata alli a gira ta zama tsoho. Za ka ga kakin ɗan sanda na aro ya yi wa yaro yawa, da akwatin likita na kwali. Daga kayan kaɗai za ka karanta abin da ke damun mutane a shekarar: auren dole, cin hanci a kotu, boka da asibiti, ɗan ƙauye a birni, talla da karatun 'ya mace. Abin da hoton rana bai kama ba shi ne 'yan kallo, ɗaruruwan yara a kan benci, 'yan aji ɗaya a ƙasa a gaba. Rabin wasan su ne, kuma kusan ba su da hoto ko ɗaya.

Bidiyo ya shigo ya sauya lissafi. Bayan Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, hankalin masu sha'awar wasa ya koma kan kaset. Mai bidiyo yakan zo da fitilarsa mai zafi ya haske ɗakin gaba ɗaya. An samu motsi da murya, amma kaset ba ya jure zafin garin nan da ƙura, kuma yau ko kaset ɗin ya tsira, na'urar kunna shi ta yi wuya. Wayar salula ta zo Najeriya a 2001, masu kyamara suka biyo baya, sai dai na farkon da dare ba su fi fim ba.

Abin da ya fi ciwo a tarihin nan shi ne, daidai lokacin da kyamara ta fara gani cikin duhu, a lokacin ne daren ya kuɓuce mana. Daga 2012 garin nan ya shiga dokar hana fita da hana hawa babur. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Barno da Adamawa, aka katse layukan waya. Ranar 6 ga Yulin 2013 aka kai hari makarantar Mamudo, aka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai, gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a wurin taron safe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ɗalibai sama da 40 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A irin wannan hali babu shugaban makarantar da zai tara yara ɗari biyar a ɗaki ɗaya da dare don a yi dariya. Akwai ƙannenmu da suka shiga sakandare suka fita ba su san wannan daren Asabar ba. Da zaman lafiya ya dawo, wasa ya dawo, amma mafi yawa da rana, ranar ba da kyaututtuka ko ranar al'adu, minti goma tsakanin jawabi da jawabi.

Wayoyin yanzu, irin su Tecno da Infinix da kamfaninsu ya yi suna wajen daidaita kyamara da baƙar fata, suna da tsarin dare. Yadda yake aiki shi ne ya ɗauki hotuna da dama a jere ya haɗe su wuri guda. Yana da kyau ga gini ko mutumin da ke zaune, amma ɗan wasa mai motsi har yanzu yakan fito da hannu uku. Dabarar tsohon gwani ba ta tsufa ba: a kashe filashi, a matsa kusa ta gefe maimakon jawo hoto daga nesa, a jingina, a taɓa fuskar ɗan wasa a gilashin waya a ɗan rage haske don kada farar riga ta ruɗi kyamara, a jira inda motsi ya tsaya. Fitilar caji biyu a gaban dandamali, hagu da dama, daidai tsayin fuska, sun fi ƙwai biyar a rufi amfani.

Tsofaffin hotunan kuwa suna ƙarewa a hannunmu. Baƙi da fari ya fi juriya; masu kalar shekarun 1980 da yawa sun koma ja, wasu sun manne da ledar albam, wasu gara da yoyon damina sun gama da su. Na waya ma ba su tsira ba: waya ta ɓace, memori ya lalace, wanda aka tura ta WhatsApp ya ragu. Wanda yake da irin hoton nan a gida, ya fito da shi inuwa da hantsi, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ɗauka da waya ba filashi, gaba da baya, don sau da yawa a baya ne aka rubuta shekara ko aka buga hatimin situdiyo. In zai turo mana, ya haɗa da sunan makaranta, da shekara, da sunan wasan in ya tuna. Mu kuma tuna cewa yarinyar nan mai gemun auduga yau matar aure ce, wataƙila kaka, don haka a nemi izininta kafin a ɗora. Waɗanda iyayensu suka yi sana'ar hoto a garin nan, su duba ambulan ɗin negetif kafin a zubar, har da waɗanda ba a taɓa bugawa ba don sun yi duhu. Na'urar sikanin ta yanzu tana iya fito da fuska daga negetif ɗin da injin wancan lokacin ya kasa.